Zabuwar Iya da Testata

Ni mai gyaran wuta ne, wayarin na gidaje da shaguna shi ne abincina a nan Keffi. Duk wanda ya san aikin nan ya san ba a yi masa kuskure sau biyu, sai dai mai sauran kwana. Waya ba ta huci, ba ta hayaƙi, mai wuta da marar wuta duk kamarsu ɗaya. Abin da ke tsakanin hannunka da ita shi ne 'yar testar nan mai kama da sukundireba da muke saƙalawa a aljihun gaba. Ka ɗora bakinta a kan waya, ka dafa ƙeyarta da babban yatsa. In ɗan ƙwan cikinta ya yi ja, akwai wuta. In bai yi ba, sai ka kai hannu. Ubangidana ya koya mini abubuwa da yawa, Allah Ya saka masa da alheri. Amma abin da ya sa har yau nake cin tuwo da hannun damana, kakata ce ta koya mini shi, matar da har ta koma ga Allah ba ta taɓa canza ko ƙwan fitila ba.

Iya muke ce mata. 'Yar Garaku ce, aure ya kawo ta cikin gari, kuma har tsufanta harshenta bai saki Hausar can ba. Mu jikoki mukan kwaikwaye ta, ita kuma ta jefe mu da ɓawon gyaɗa. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, saboda haka da an idar da sallar magariba sai ta hura murhu a bakin ɗakinta, ta ɗora kasko, ta hau suyar gyaɗar gobe. Har yanzu in na bi ta wani lungu na shaƙi wannan ƙamshin, sai na ji ƙafata ta yi nauyi. Mukan zauna kewaye da ita da faifai, muna murza gyaɗar da ta huce muna hure ɓawon, rabi a faifai rabi a baki. Ta sani sarai. Ta ce ladan masu aiki ne, amma wanda ciki ya murɗa wa kada ya zo mata da kuka.

Sai dai gaskiya, ba kullum muke zama ba. Tatsuniyar Iya ta ranar da aka ɗauke wuta ce. In akwai wuta, duk muna gidan maƙwabcinmu malamin makaranta, mun cika masa tsakar gida muna leƙen talabijin ta taga. Da an ɗauke sai ka ji unguwa ta yi "aaah" gaba ɗaya, mu dawo muna jan ƙafa kamar an kore mu daga gidan biki. Iya ba ta ko ɗago kai.

"Har an sallame ku?" in ji ta. "To ku zauna. Tawa wutar ba mai ɗauke ta sai ni."

Ni ne na fi kowa rawar kai. Sunana Habu, amma ita ba ta kirana da shi sai in na yi laifi. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, wani lokaci kuma Sarkin Gaggawa, don ban taɓa barin tatsuniya ta kai ƙarshe ban tambayi ƙarshenta ba. Yayata Mairo ita ce mai haƙuri, ita ke rufe mini baki da tafin hannu mai ƙamshin gyaɗa.

Iya tana da nata salon buɗewa. Takan buga muciya a bakin kasko ta ce, "Ga wata can tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, ta iso mu ji." Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini, amma ta zabuwa tana nan daram, kuma na san dalili.

Wai a wani ƙauye an yi wata tsohuwa mai babban rumbu, irin wanda sai an hau tsani an zura jiki ta sama a ɗebo dawa. Ƙasar kuwa ta macizai ce, kuma ba inda suke so kamar cikin rumbu, ga sanyi ga ɓeraye. Tsohuwar tana da wata zabuwa mai ido, wadda da ta hango maciji sai ta ɓarke da kuka har ƙauye ya ɗauka. Nan Iya takan ajiye muciya ta yi mana kukan zabuwar da bakinta, mu faɗi muna dariya, gyaɗa na ƙonewa.

To tsohuwar nan tana da wata al'ada da ke ba kowa haushi. A jikin dangarta ta rataye wata tsohuwar saɓar maciji. Duk ranar da za ta shiga rumbu sai ta ɗauki zabuwa ta kai ta gaban saɓar. Zabuwa ta yi kuka. Sai ta hau tsani da ita, ta leƙa da kan zabuwar cikin rumbu. In zabuwa ta yi shiru, tsohuwa ba za ta shiga ba tukuna. Sai ta sauko, ta sake kai ta gaban saɓar. In ta sake yin kuka, sannan ta sake ta, ta hau ta ɗebi dawarta.

"Iya, wannan ai wahala ce!" na ce. "Ba ta riga ta yi shiru ba?"

"Kai da ɗanta bakinku ɗaya," in ji Iya. "Shi ma haka ya ce. Zauna ka ji abin da ya same shi."

Ban ji ba a ranar. Daidai nan ƙwan da ke rataye a ƙofar ɗakin babanmu ya yi fau, unguwa ta ɗauki ihu, "An kawo! An kawo!" Kafin Iya ta rufe baki na tsallake faifai na yi waje, sauran suka bi ni. Mairo kaɗai ta tsaya tattara gyaɗar da na zubar.

Iya ta rama. Da aka sake ɗauke wuta na zo na zauna ina lallaɓa ta, ta ce ita ba ta san wata zabuwa ba, in je in tambayi akwatin malam. Na ɗebo mata ruwa, na faskara mata ice, na ce in na girma zan saya mata gado mai rumfa. Ta ce mijin da ke gudu ya bar matarsa da magana a baki, gadonsa ma ba ta so. Na roƙi Mairo a ɓoye, ashe ita ma ba a ƙarasa mata ba. Sai da aka yi wani dogon ɗaukewa, har muka manta kamannin talabijin, sannan wani yammaci ta buga muciya ta ci gaba daga inda ta tsaya, kamar jiya ta bari.

Wai akwai wata gamsheƙa a bayan rumbun da zabuwar nan ta hana sakat. Duk ta shiga, a tona mata asiri, a fito da sanduna. Sai ta zauna ta yi tunani. Ta ce in ta kashe zabuwa, tsohuwa za ta nemo wata. Gara ta bar ta da ranta. Sai ta lallaɓa inda zabuwa ke kwana, ta tofa mata dafi a ido, ta wuce abinta cikin rumbu ta naɗe a kan dawa.

Da gari ya waye tsohuwa ta tafi unguwa, ta bar wa ɗanta sallahun ya ɗebo dawa. Magidanci ne, ba yaro ba, ga gona na jiransa. Ya cafko zabuwa, ya ji ta da nauyinta da ɗuminta kamar kullum, tana motsi lafiya lau. Ya dubi danga, ya dubi rana, ya ce, "Jiya ma a gabana ta yi kuka." Ya hau tsani ya leƙa da ita. Shiru. Ya sake ta, ya zura hannu.

Nan Iya ta juya gyaɗa a hankali, ba ka jin komai sai ƙarar muciya a kasko. Na tuna yadda na janye hannuna daga cikin faifai ban sani ba.

Bai mutu ba, in ji ta, don an yi sa'a mai magani na kusa. Amma hannun ya shanye, har ya tsufa bai ƙara riƙe fartanya da shi ba. Mutanen ƙauye suka taru suka ce a yanka zabuwa, ta ci amana. Mu ma muka ce a yanka, ni har da cewa a soya ta da man gyaɗar Iya.

"A kan me?" Iya ta tambaye mu, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ƙarya ta yi? Ta buɗe baki ta ce masa babu maciji? Shiru kawai ta yi. Shi ne ya ɗauki shirun ya sa masa magana. Maigida, mai gadin da bai ga komai ba da mai gadin da ba ya gani, duk shiru suke yi. Kai ne za ka bincika wanne ka riƙe."

Tsohuwa ta hana a yanka ta. Ta ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa don kada wani ya sake ɗaukarta zuwa rumbu, ta ci gaba da ba ta tsaba a hannu har ta mutu don kanta. Iya ta rufe da cewa ta naɗe tatsuniyarta ta tura ƙarƙashin tabarma, wanda ya ɗaga shi ya sani. Aka kira isha'i, muka watse. Ni dai a lokacin abin da na ɗauka shi ne kada in ƙara zura hannu a buhun gyaɗa ban haska ba.

Shekaru suka tafi. Iya ta rasu ina tsakiyar koyon aiki, aka rushe murhunta aka yi ɗaki a wurin. Ubangidana ya sha gaya mini in gwada testa a inda na tabbata akwai wuta kafin in yarda da ita, in kuma sake gwadawa bayan ta yi shiru. Ranar da ya fara faɗa mini na yi dariya har ya tambaye ni ko lafiya, na ce ai wannan saɓar maciji ce, bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Sai dai a garinmu dokar nan tana da wuyar bi. Yawancin aikinmu muna yinsa ne an ɗauke wuta, to a ina za ka samu wurin gwaji? Shi ya sa da yawanmu mukan gwada da safe in an samu, mu saƙala a aljihu, sauran yini mu bar wa Allah.

Wata damina aka kira ni Sabon Gari, shagon wata mai sayar da ɗanyen kifi da ƙanƙara, Madam Rifkatu. Waya ta ƙone a akwatin fis ɗinta, kuma tana so a gyara kafin a kawo wuta, in ba haka ba kifinta ya lalace. Da safen na gwada testata a shagona, inda nake da sola, ta yi ja kamar garwashi. Na hau acaɓa. Wajen sauka na sunkuya ɗaukar jaka, testar ta zame daga aljihu ta faɗi kan kwalta. Na ɗauka na goge da riga. Ko ƙwarzane babu.

Shagon ya cika da ƙarni, ƙanƙara ta narke ta malale ƙasa, takalmina har yana ɗaukar ruwa. Na zare babban fis na shigowar wuta na sa a aljihu. Na ɗora testa a kan wayar da ta ƙone, shiru. Na gwada ta kusa da ita, shiru. An ɗauke wuta tun jiya, fis yana aljihuna, testa ta yi shiru. Me ya rage? Na ajiye ta na ɗauki filaya, na ɗaga hannu zan kama wayar in fere ta.

Ba zan ce na ji murya ba, ni ba mai irin wannan labarin ba ne. Abin da ya faru shi ne a raina na ce, "Da safe ma ta kama." Ina faɗin haka sai maganar ta yi mini kama da wadda na taɓa ji a bakin wani. Na tsaya da hannu a sama kamar mai rantsuwa.

"Oga, lafiya?" in ji Madam Rifkatu. "Kifi na narkewa fa. Tun jiya babu wuta a layin nan, me kake jira?"

"Ina zuwa, Madam. Bari in gwada wannan abar."

"Ba yanzu ka gwada ba? Da idona na gani!"

"Wayar na gwada. Yanzu ita zan gwada."

Ta tafa hannu ta juya ga wata mai sayen kifi tana cewa an haɗa ta da mai sanyin jiki, wanda ta saba kira da tuni ya gama. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Babba da ni, da furfura a gemu, ina tsallake ruwa da 'yar testa a hannu ina neman inda zan soka ta. Shagon da ke manne da nata na mai aski ne, ƙaramin janaretonsa na ta kuka a waje. Na yi sallama na ce ya ba ni aron soket. Yana cikin yi wa wani aski, injin askin na ƙugi a hannunsa, fanka na juyawa. Na soka testata a soket ɗin da fankar ke ci, na dafa ƙeyarta.

Shiru.

Na juya ta, na kare haske da tafin hannu, na sake dannawa. Ko ɗigon ja babu. Faɗuwar nan ta kan kwalta ta kashe wani abu a cikinta, ta bar mini jikin lafiya lau. Ina tsaye ina kallonta sai idona ya bi wayar janareton. Ba ta bi ta kowane akwatin canjin wuta ba, kai tsaye mai askin ya soka ta a soket na bango don duk shagon ya samu wuta. Na tambaye shi ko shagonsa da na Madam a haɗe suke a da. Ya ce ƙwarai, ɗaki ɗaya ne, mai gidan ne ya raba da bulo.

A gindin jakata akwai wani ƙwan fitila da na ɗaura wa wayoyi biyu, irin gwajin mutanen da. Na gwada shi a wajen mai aski, ya kama. Na koma shagon kifi, na taka busasshen benci, na taɓa wayoyin a kan wadda na ɗaga hannu zan kama ɗazu. Ƙwan ya haska shagon tas, har na ga fuskata a ruwan da ke ƙasa. Wata tsohuwar waya ce a cikin bango da ba a yanke ba lokacin rabon, ita ke ɗauko wutar janareto ta kawo ta baya. Ba ta isa ta tada firji ba saboda inda ya ƙone, amma ta isa ta kwantar da mutum mai tsaye cikin ruwa.

Madam Rifkatu ta ɗora hannu biyu a ka ta kira sunan Yesu. Sai ta jawo mini kujera. Na zauna. Aka kashe janareto, na sake gwadawa gaba da baya, na raba wayar nan, na gama aikin kafin a kawo wuta. Kifinta bai lalace ba. Da zan tafi ta cusa mini manya biyu a leda, ta ce in kai wa uwargida, in kuma gaishe da wanda ya koya mini aiki. Na ce zai ji. Ban iya ce mata wadda ta fi cancantar gaisuwar tana maƙabarta ba.

Da yamma aka sa mini tuwo, ƙaramar 'yata ta zuba mini ruwan wanke hannu. Na daɗe ina kallon hannun a cikin kwano har ta ce, "Baba, ruwan zai ƙare." Kewar Iya ta taso mini irin wadda ban ji ba ko ranar da aka binne ta. Na so a ce tana nan, in je in tsuguna a bakin murhu in ce mata Sarkin Gaggawa ya tsaya yau, ya sauko daga tsani ya koma wajen danga. Na san ba za ta yabe ni ba. Cewa za ta yi, "Ashe kunnen na aiki," ta miƙo mini gyaɗa mai zafi.

Yanzu mitar gwaji nake aiki da ita mai wayoyi biyu, ta fi testa aminci nesa ba kusa ba. Amma ita ma ba na yarda da shirunta sai na ji kukanta, kafin da bayan. Batir na mutuwa, waya na tsinkewa a cikin roba ba ka gani. Na lura kuma ba a aikin wuta kaɗai abin yake ba. Mairo tana aure a Gitata, kuma da can in na kwana biyu ban ji ta ba sai in ce lafiya ce ta sa. Yanzu kiranta nake yi, in ta ce ba komai in sake tambaya.

Testar nan ban jefar ba. Na naɗe ta da jan tef tun daga baki har ƙeya don kada wani ya ɗauka, na rataye ta a ƙusa a shagona. Masu zuwa sukan tambaya, in ce ta yi ritaya.

Gidana akwai sola, yarana ba su san unguwa ta yi "aaah" ba, ba su san daɗin "an kawo" ba. Rannan bayan magariba na zaga baya na kashe komai da hannuna. Suka fito daga ɗaki suna ƙunƙuni, wayoyi a hannu. Na riga na hura gawayi a tsakar gida, na roƙi uwarsu kasko da gyaɗa. Ƙaramar ta ce, "Baba, kai da kake gyara wa mutane, ba za ka gyara namu ba?"

Na ce sai an jima. Na buga cokali a bakin kasko, na buɗe baki zan ce ga wata can tafe, sai Iya ta faɗo mini a rai, na tsaya da cokali a hannu. Suka zuba mini ido. Ita ƙaramar ce ta matso, ta dafa gwiwata ta leƙa fuskata.

"Baba, ka yi shiru. Lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ba ta yarda ba, ta sake tambaya.